Mota ta buge ƙanena, an yi sulhu ba a kira ƴan sanda ba: me ya rage mana yanzu?

Tambaya: "Ƙanena ɗan kabu-kabu ne. Mota ta buge shi a wata mahaɗar hanya kusa da Kasuwar Dole, ƙafarsa ta karye. Mai motar ya kai shi asibiti, ya biya odanas ta farko, wato takardar magani, ya roƙe mu kada a kira ƴan sanda, manya suka sa baki muka yarda. Yau sati 3 ke nan, likita ya ce sai an yi aiki an sa ƙarfe, mai motar kuma ya daina ɗaukar waya. Ko za mu iya kai magana wurin hukuma yanzu? Moton ƙanen nawa ba shi da cikakkun takardu, abin da ya ƙara tsorata mu ke nan."

Amsa:

Sannu da jinya, ɗana. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ce. E, za ku iya kai magana, kuma kada ka bari gobe ta wuce ba ka je ba. Na daɗe ina aiki a sashen biyan diyyar haɗari na wani kamfanin asirans, wato inshora, a nan Damagaram, kuma irin abin da ya same ku shi ne ya fi yawan zuwa gabana: mutanen kirki da suka yi kawaici ranar haɗari, suka dawo bayan wata ɗaya hannunsu babu ko takarda guda da ke nuna cewa motar wane ce ta bugi wane.

Tun da a cikin gari abin ya faru, komisariya za ka je, wurin ƴan sandan da ke kula da haɗarin hanya. Da a ce a bayan gari ne, kan hanyar Mirriya ko Takeita ko Tanut, to aikin jandarma ne. Ka ce musu ka zo shigar da ƙara a madadin ƙanenka da ke kwance, ka faɗi rana da lokaci da wurin da abin ya faru, da lambar motar in kuna da ita, da lambar wayar mai motar, da launin motar da irinta. Ka tafi da katin shaidarka da na ƙanenka, da duk wata takarda da asibiti ta ba ku tun ranar farko, har da odanas ɗin da mutumin ya biya, domin ita ma alama ce ta cewa yana cikin maganar. Sannan shaidu. Bakin Kasuwar Dole ba ya rabo da mutane: ƴan tebur, mai shayi, masu faci, ƴan kabu-kabun da ke tsayawa a wurin. Ka je yau da yamma ka nemi mutum 2 ko 3 da suka ga abin da idonsu, ka roƙe su su yarda a saurare su. Shaidar wanda ya gani ake so, ta wanda ya iso bayan an taru ba ta da ƙarfi. Manyan da suka yi sulhun ma shaidu ne, tun da a gabansu mai motar ya yarda shi ne ya yi bugun.

Ka kuma nemi ƴan sanda su rubuta wa likita takardar neman a duba majinyacin, wadda ake kira rikizisiyo. Da ita likita zai rubuta takardar shaidar rauni ta farko, ya faɗi abin da ya karye da kwanakin da yake ganin yaron zai yi bai iya aiki ba. Tun da an kai shi asibiti ranar da abin ya faru, sunansa na cikin rajista, wannan kuwa babban abu ne a gare ku. Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne waɗanda aka wuce da su kai tsaye wurin maɗori, suka yi wata biyu a gida, babu likitan da ya ga raunin yana sabo. In suka zo daga baya, kamfani sai ya ce me ke nuna karayar nan ta haɗarin ce?

Yanzu bari in gaya maka abin da kuka rasa, domin ka san inda wahalar take, kai da duk wanda zai karanta. Abin da kuka rasa shi ne konsta, wato binciken da ƴan sanda ke yi a wurin haɗari. In an kira ƴan sanda motoci na nan inda suka tsaya, sukan auna faɗin hanya, su ga inda tayoyi suka ja birki, inda gilashi da ɓaraguzai suka zube, gefen da motar ta lotsa, inda moton ya faɗi, su zana duk wannan a takarda. Su karɓi parmi, wato lasin tuƙi, da kartigiris, wato takardar rajistar abin hawa, da takardar asirans na kowa, su saurari direbobi da shaidu. Daga nan ake rubuta rahoton haɗari, wanda muke kira PV. A teburin kamfani, wannan zanen ya fi duk wata rantsuwa nauyi, domin baki yakan canza magana bayan kwana biyu, amma wurin da gilashi ya zube yana nan yadda aka auna shi.

Dalilin da ya sa zanen ya fi muhimmanci ga ƙanenka musamman yana cikin dokar asirans da muke aiki da ita. Nijar na cikin ƙasashen da suka sa hannu kan yarjejeniyar CIMA, wadda ta kafa dokar asirans ɗaya ga ƙasashen Afirka da suka shiga, a Yawunde a 1992, dokar kuma ta fara aiki a 1995. Ta raba waɗanda haɗari ya shafa gida biyu. Mai tafiya a ƙasa da fasinja, har da wanda aka goya a bayan moto, ana biyan su diyyar raunin jikinsu ko da su ma sun yi sakaci, sai fa in da gangan suka jefa kansu. Wannan yana cikin kashi na 228. Amma wanda ke riƙe da sitiyari ko kan moto, kashi na 227 ya ce laifinsa na iya rage masa diyya ko ya hana shi ita gaba ɗaya. Ƙanenka direba ne a idon doka. Saboda haka tambayar farko da za a yi ita ce, wa ke da hanya a mahaɗar nan? Akwai ƙa'idoji sanannu: in babu alama ko danja, wanda ya fito daga dama shi ke da hanya, wanda ya bugi na gabansa daga baya shi ke da laifi, wanda ya taso daga inda ya ajiye mota ya shiga kwalta shi zai jira. In kuma aka rasa abin da zai nuna mai laifi, kashin nan na 227 ya ce kowane direba rabin diyyarsa kawai zai samu daga ɗayan. Ka ga ke nan rashin konsta na iya cinye rabin haƙƙin yaron ko da shi ne mai gaskiya. Shi ya sa na matsa maka kan shaidu, kuma kada ku gyara moton. Ku bar shi yadda yake, ku ɗauke shi hoto ta kowane gefe, domin inda ya lotse na faɗin daga ina bugun ya zo.

Maganar takardun moto kuma, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka faɗa musu gaskiya tun farko. Rashin parmi ko kartigiris ko asirans laifi ne, za a iya riƙe moton, za a iya cin sa tara, ba zan rufe maka wannan ba. Amma laifi ne na daban, kuma shi kaɗai ba ya nuna cewa yaron ne ya jawo haɗarin. Mutum na iya zama ba shi da takarda kuma yana kan hannunsa aka zo aka buge shi. Ka auna tarar da kuɗin aikin ƙashi, da watannin da zai yi ba ya fita neman abinci, da yiwuwar ƙafar ba za ta koma daidai ba. Na ga gidaje da yawa da suka guje wa tara ta ƴan jikkuna suka ƙare da sayar da gona ko tumaki.

Shi ma mai motar ya cuci kansa, in dai yana da asirans. Doka ta wajabta wa duk mai abin hawa mai inji ya yi asirans na ɓarnar da zai iya yi wa wani, kuma amfaninta ke nan: ranar da tsautsayi ya faɗa, kamfani ya ɗauki nauyin. Amma kamfani na son a sanar da shi cikin wa'adin da ke rubuce a kwantaragi, wanda doka ta ce ba zai gaza kwana 5 na aiki ba, yana kuma son PV. Yarjejeniyar da mai mota ya ƙulla da dangin majinyaci a zaure ba tare da sanin kamfani ba, kamfani na da ikon cewa ba ruwansa da ita. To mutumin ya ɗauka odanas biyu ko uku zai biya a rabu lafiya, da ya ji maganar aiki da ƙarfe sai ya ga abin ya fi ƙarfin aljihunsa, ya kashe waya. Ba na ce mugu ba ne. Yawancinsu tsoro da kunya ne ke sa su ɓuya. In an kira shi komisariya ya kawo takardar asirans mai rai, nauyin da yake gudu zai sauka daga kansa ya koma kan kamfani. Ko da ta bayyana ba shi da parmi, doka ba ta yarda kamfani ya fake da wannan ya hana majinyaci haƙƙinsa ba: zai biya ku, sannan ya bi mutuminsa ya karɓi kuɗinsa. In kuwa asirans ɗin ta mutu ko babu ita sam, to hanya ta yi tsawo, sai gaban alƙali, a ɗora masa biyan daga dukiyarsa. A nan ma babu abin da alƙali zai riƙa in ba rahoton ƴan sanda da takardar likita.

Ina so in daɗe kaɗan kan sulhu, domin nan ne zuciyar maganar take. Mu mutanen Damagaram muna jin nauyin kai mutum wurin hukuma. Da an ce ƴan sanda sai a ga kamar gaba ce, kamar an ƙi ƙaddara, kamar ana son a ɗaure ɗan wani. Dattijo ya zo ya ce ku bar wa Allah, yaro ba ya iya ɗaga ido ya ce a'a. Ina girmama wannan hali, kuma na san sulhu ya kashe wutar fitina a wurare da dama. Abin da nake roƙo shi ne a gyara jerin abubuwan: a fara yin konsta, a rubuta abin da ya faru, likita ya faɗi girman raunin, sannan wanda ke son yafiya ya yafe. Ranar haɗari babu wanda ya san abin da yake yafewa. Ƙafa ta kumbura, ana zaton targaɗe ne, sai hoton ƙashi ya nuna karaya biyu. Wanda ya bugu a kai yakan tashi ya yi magana lafiya lau, dare ya yi ya fara amai. Yafiyar da aka yi kafin a san wannan, an yi ta ne da haƙƙin mutumin da ke kwance bai ma san ana yi ba. Kiran ƴan sanda kuma bai hana mai mota zuwa dubiya, bai hana shi kawo abinci ko taimakawa da magani, bai hana a zauna lafiya bayan haka. Addininmu ma bai ce karɓar diyya rashin tawakkali ba ne. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ambaci diyyar kisan kuskure da ake miƙa wa iyalan mamaci, sai in su ne suka bar ta sadaka. Masu haƙƙi ne ke bari da yardarsu. Maƙwabci ko kawu ba shi da hurumin bari a madadinsu, balle a madadin marayu. Kuma in akwai asirans, abin da aka yafe ba mai motar aka sauƙaƙa wa ba, kamfanin da ya riga ya karɓi kuɗinsa aka bar wa.

Ga waɗanda abin bai same su ba tukuna, Allah ya kiyaye, abin yi a wurin haɗari ba shi da yawa. Rai ne farko: a kira ƴan kwana-kwana a 18, ƴan sanda a 17. Wanda ake zargin ya bugu a wuya ko a baya kada a ciccibe shi a cusa a adaidaita, a jira masu abin ɗauka. Motoci da moto a bar su inda suka tsaya, a sa alama nesa kaɗan don kada wani ya zo ya afka, musamman da dare a kan hanyar Tanut inda tankokin mai na matatar SORAZ ke zirga-zirga. In dole sai an janye su don hanya ta toshe ko don a ciro mutum, a fara ɗaukar hoto da waya daga nesa da kusa, a shata wurin tayoyi da gawayi ko dutse. A rubuta lambar mota nan take. Manyan motocin da ke shigowa daga Kano ta Matamaye ko ta Magarya, in aka bar su suka wuce da alkawarin baki, samun su sai an sha wuya, don haka a tabbata jandarma sun ga takardunsu kafin su motsa. Motar gwamnati ma ana yi mata konsta kamar kowa, sai dai biyan diyyarta ta hannun ofishin da ke kare shari'o'in gwamnati yake bi. Direban da ya ga jama'a sun taso masa har yana tsoron ransa, ya nufi komisariya ko birgad ɗin jandarma mafi kusa kai tsaye ya kai kansa, ya faɗi inda ya bar wanda ya buge. Wannan daban yake da wanda ya gudu gida ya ɓoye mota, domin gudu bayan haɗari laifi ne mai zaman kansa da ke ƙara wa mutum nauyi a gaban alƙali. Direbobi na tsoron tsarewa, gaskiya ne in an rasa rai ko an yi rauni mai tsanani ana iya riƙe mutum don bincike, wa'adin farko awa 48 ne, kuma sau da yawa riƙon nan kariya ce gare shi har zukata su huce.

Idan aka zo sauraron ƙanenka, ko a gadon asibiti ne, akwai abin da nake so ka tsaya a kai. Da Faransanci ake rubuta bayani, shi kuwa da Hausa zai yi magana. Kada ya sa hannu ko ya dangwala yatsa sai an karanta masa an fassara, ko kai ko wani da kuka yarda da shi ya karanta. Ya faɗi abin da ya gani kawai: daga ina ya fito, ina ya nufa, a wane hannu yake, ta ina motar ta zo. Abin da bai tuna ba ya ce bai tuna ba. Kalmomin ladabi irin su "ni ma da laifina" ko "ba komai, tsautsayi ne" da muke faɗa don kunya, in suka shiga takarda sun zama amsa laifi, kuma fitar da su daga baya aiki ne babba. Ka duba an rubuta sunansa daidai da yadda yake a katinsa, domin harafi ɗaya da ya bambanta na iya tsayar da dosiye, wato takardun neman diyyar, wata da watanni.

Bayan an gama, ka karɓi lambar PV ɗin da ranar da aka rubuta shi. In akwai rauni, rahoton na zuwa wurin mai gabatar da ƙara na gwamnati a babbar kotun Damagaram, shi ke duba ko za a gurfanar da direba. Dokar CIMA kuma, a kashi na 230, ta ce jami'an da suka yi binciken su aika wa kamfanonin asirans da abin ya shafa kwafi cikin wata 3 daga ranar haɗari. A aikace sai kun bi sawu, kada ku zauna jira. Kuna da ikon zuwa kamfanin mai motar da kanku ku nemi haƙƙinku, ba sai ta hannunsa ba. Ku rubuta takardar nema, ku ajiye kwafi, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata. Kowane rasit na magani, na hoto, na aiki, na gado, ku adana shi cikin leda guda, domin abin da babu rasit ba a mayar da shi. Kuɗin jinya ana mayar da shi ne bisa ma'aunin farashin asibitin gwamnati, da iyakar da ba a wucewa, saboda haka wanda ya tafi kilinik mai tsada ya san ba lalle a mayar masa da duka ba. Kuɗin maɗori kuwa babu mai mayar da shi.

Ba zan yi maka alkawarin dukiya ba. Diyyar tana da ma'auni a rubuce, kuma wanda ba shi da takardar albashi, kamar ɗan kabu-kabu, da mafi ƙarancin albashi na ƙasa ake yi masa lissafi. Kamfanoni kuma suna da jan ƙafa, na san wannan daga ciki. Amma ana biyan kuɗin magani, da kwanakin da bai yi aiki ba, da wahalar ciwo, da naƙasar da ta rage in akwai. Wannan ta ƙarshe ita ce mafi girma, kuma ba a san ta sai likita ya ce ciwon ya tsaya inda zai tsaya. Don haka kada ku sa hannu kan takardar "an biya ni duka" alhali ƙarfe na cikin ƙafa. Abin da za ku iya nema kafin nan shi ne wani kaso na wucin gadi, ko kamfani ya ɗauki nauyin jinyar kai tsaye. In an kawo tayin ƙarshe kuka sa hannu sannan kuka ga an tauye ku, doka ta ba da kwana 15 na janyewa a rubuce. Haƙƙin neman diyya gaba ɗaya yana faɗuwa bayan shekara 5 daga ranar haɗari. Ku yi hattara da masu yawo a bakin asibiti suna cewa a ba su dosiye su fitar da kuɗi a raba. In abin ya kai ga neman taimako, ku nemi lauya sananne, ku yi yarjejeniyar ladansa a rubuce.

Inda aka yi rasuwa, gaggawar jana'iza ce ke sa a manta da takardu, kuma daidai ne a gaggauta. Amma kafin a ɗauki gawa, a bari hukuma ta gani, likita ya rubuta shaidar rasuwa da sanadinta, abin ba ya cin lokaci mai yawa. Daga baya za a nemi takardar gado daga kotu, da takardun haihuwar yara, da shaidar aure. Mata da ƴaƴa da iyaye duk suna da kaso, kason ƙananan yara kuma doka ba ta yarda a ƙulla yarjejeniya a kansa ba sai da izinin iyayensu da ke raye, in kuma babu su, na alƙali ko majalisar dangi.

Aikin ƙafar kada ya jira wannan duka. Karayar da likita ya ce sai ƙarfe, in aka bar ta ta haɗe a karkace, gyaranta ya fi na farko wuya da tsada. Ku nemo kuɗin ta inda za ku iya, a yi aikin a babban asibiti, ku riƙe rasit. In ba ku da lambar motar, ka koma wurin manyan da suka shiga tsakani, a cikinsu akwai wanda ya san gidan mutumin ko wurin aikinsa. Ka gaya musu da ladabi cewa za ka komisariya gobe, kuma ba ɗaure kowa kake nema ba, takardar asirans ɗinsa kake so ta fito. In ɗaya daga cikinsu zai raka ka, ya fi kyau.